Saura Ɗaya a Motar Buroila

Wani mafarki na yi jiya da dare, amma kafin in ba da labarinsa dole in fara da ɗan tsakon da ya jawo min shi.

Mai ɗakina, Hajiya Ladidi, kiwon buroila take yi a bayan gida, wato fararen kajin nan na nama da ake kwashewa in sun yi sati shida. Ni kuwa tun da na ajiye sitiyari, bayan shekara talatin da ɗaya ina jan bas tsakanin Funtuwa da Gusau, matsayina a wannan harka bai wuce na ɗan aike ba. Ranar Litinin ta tura ni wurin dillali na karɓo mata kwalin 'yan tsaki da aka kawo daga kamfanin ƙyanƙyasa. Hamsin ne a kwali, sai ɗaya da suke ɗorawa gyara. Da muka buɗe, hamsin ɗin duk ruwan ɗorawa ne, ba ka bambance wannan da wancan. Na gyaran kuwa ja-ja ne, da zane biyu baƙaƙe a gadon bayansa, idonsa kamar an ja masa kwalli, ƙafafunsa da gashi har kan yatsu.

Sauran suka sa shi gaba da caccaka. Na tsame shi na sa a aljihun rigata don ya ji ɗumi, da niyyar in mayar da shi anjima. Kwana uku ke nan anjimar ba ta zo ba. In na sauke shi yana bin diddigena, in na yi tari daga zaure sai ya taho da gudu yana faɗuwa yana tashi.

Jiya bayan la'asar Hajiya ta tsare ni a tsakar gida.

"Malam, wannan abin wane iri ne?"

Na ce, "Babban iri ne."

"Sunansa na tambaya. Kaza ba ta zama a aljihu, kowane iri da abincinsa da wurinsa. In gari ya waye ba ka faɗa min sunan irinsa ba, to buroila ne. Ya koma cikin 'yan'uwansa, ran da mai gasa kaji ya zo kwasa ya haɗa da shi."

Na ce ni da nake gane mota da kukanta tun ba ta shawo kwana ba, ai ɗan tsako ba zai gagare ni ba. Ta ce to, Allah ya kai mu. Gaskiyar magana ban san irinsa ba, kuma da wannan fargabar na kwanta.

Sai na gan ni a wata tasha da hantsi, ɗan tsakon yana aljihuna. Tasha ce sak irin wadda na sani, da rumfar mai shayi da warin fetur, sai dai motocinta ba gari suke lodi ba, iri suke lodi. Ga motar masu ƙwai, cike da matan kaji, kowace da jakarta a cinya. Ga a-kori-kurar kajin gida, babu ƙofa babu kujera, kowa yana hawa yana sauka yadda ya ga dama. A tsakiya kuma ga wata farar bas sabuwa fil, an rubuta a goshinta da jan fenti: BUROILA, SATI SHIDA, BA TSAYAWA. Na leƙa ta taga na ga hamsin ɗin Hajiya a zaune, suna ci, suna ƙiba a kan idona, har tayoyin baya sun fara lotsawa.

Ranar garin a igiya take rataye. Wani tsoho yana zaune a kan benci yana sassauta igiyar kaɗan-kaɗan, kamar mai zura guga a rijiya.

Ɗan kamashon farar bas ɗin, mai kiran fasinja, wani toron agwagwa ne da tawul a wuya. "Saura ɗaya! Buroila saura ɗaya!" Sai ya hango kan da ke leƙowa daga aljihuna. "A'a, Oga Sallau, kai ne a gari? Kawo fasinjan nan mu tashi."

"Ba naku ba ne."

"Na wa ne?"

"Ina zuwa."

"To ka ga ranar can? Tana taɓa rufin rumfar mai shayi, duk fasinjan da ba shi da mota namu ne. Dokar tasha ce, kai ma ka sani."

Ban taɓa jin wannan doka ba, amma a wurin na san ta sarai, har na ji kamar da ni aka kafa ta. Na tambayi inda ake sanin iri, ya nuna min da baki.

Ofishin Sanin Iri yana saman wata bishiyar darbejiya, kuma sai ka yi ta sauka matakala kafin ka hau can. Na sauka hawa uku na iso ina haki. Mai ofishin wani bunsuru ne mai tabarau, an rubuta Malam Barau a kan teburinsa. Ya karɓe ni da mutunci, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, sannan ya jawo takarda.

"Ina shaidar haihuwa?"

"Wace iri, ranka ya daɗe?"

"Ɓawon ƙwan da ya fito. A nan shi ne takarda."

Na ce ɓawon yana can kamfani, a inji aka ƙyanƙyashe shi. Malam Barau ya gyaɗa kai, ya rubuta yana faɗa a fili: "Uwa, inji." Ya ɗago. "Wa yake ba injin wuta?"

"Ina jin janareto ne."

"Uba, janareto." Ya cire tabarau ya goge da kunnensa, ya mayar. "To, Malam Sallau, bisa ga abin da yake rubuce a gabana, wannan yaro..."

A nan aka kira sallar asuba. Na farka, na yi alwala, na je masallaci, na dawo, na leƙa kwandon da ɗan tsakon yake kwana a gefen gado na ga yana barci. Na mayar da shi aljihu, na sake kishingiɗa. Ina rufe ido na tarar da Malam Barau bakinsa a buɗe yana jirana, mafarkin nan akwai ladabi.

"...ba kaza ba ne," ya ƙarasa. "Na'ura ce. Ba hurumin wannan ofis ba ne, sai dai gareji."

Ya buga hatimi a goshina maimakon takardar, ya ce a gaida gida.

A gareji na tarar da Tanimu, bakaniken da ya yi shekara ashirin yana gyara min bas, yana nan da ɓarin haƙorinsa da rigarsa da ba a san asalin launinta ba. Na yi murnar ganinsa ƙwarai. Motoci ne zaune a kan benci a jere, suna jiran layi suna hira, wata tsohuwar tirela tana ba su labarin ciwon bayanta.

Tanimu bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ɗora ɗan tsakon a kan jak, ya ɗaga shi sama, ya shimfiɗa kwali, ya kwanta ya shige ƙarƙashinsa da tocila a baki. Na tsaya a gefe na riƙe ƙugu kamar yadda na saba.

"Tayar min da shi," ya ce daga ƙasa.

Na shafa kan ɗan tsakon, ya ce tsiyau-tsiyau.

"Ƙara wuta."

Na sake shafawa, ya ƙara murya. Tanimu ya kasa kunne ya daɗe yana saurare. Can sai ɗan tsakon ya sakar masa abin da ya sakar a tsakiyar goshi. Tanimu ya dangwala da yatsa, ya murza, ya duba a haske. "Baƙin mansa ma lafiya lau," ya ce. Na yi dariya har na zauna a kan wata taya, motocin da ke kan benci suka taya ni da hon.

Ya fito yana goge hannu. "Oga, ƙafafun nan na Barahama ne, manyan kajin nan masu safa. Fentin na kajin gida ne. Injin kuwa, wallahi tun da nake ban taɓa jin irinsa ba, amma sabo ne, ko hayaƙi babu."

"To ba ni suna ɗaya."

"Haɗi ne."

"Tanimu, ka san Hajiya. Zan je gabanta in ce haɗi?"

Ya sosa ƙeya da sifana. Ya ce lambar kowace kaza tana jikin gashin fiffikenta, na wannan kuwa bai fito ba tukuna, in dawo da shi bayan wata biyu ya karanta min tsaf. Na nuna masa rana, ta sauko har ta wuce saman falwaya. Ya ce, "Kai! To sai dai cigiya. In da masu shi za su fito."

Muka koma tasha tare, shi yana tafiya da baya don ya riga ni isa. Ya hau kan wani ganga ya ɗauki lasifika: "Jama'a, ana cigiyar dangin wani ɗan tsako, ja-ja, mai kwalli, mai safa! Duk wanda ya san nasa ne ya fito!"

Abin da nake tsoro shi ne kada kowa ya fito. Ashe akasin haka za a yi. Tashar nan kaf ta taso. Wata kaza durgu, mai gajerun ƙafafu, ta kutso ta ƙarƙashin jama'a ta ce jikanta ne, ga goshin gidansu nan. Fingi, mai gashin nan a hargitse, ta ce ƙarya ne, nasu ne, taje shi kawai aka yi a kamfani. Talo-talo ya kumbura ya ce duk wanda ya kalli tafiyar yaron nan ya san jinin sarauta ne. Har wata jimina ta zuro wuya daga bayan katanga ta ce ita ma haka take tana ƙarama. Kowa yana ja, kowa yana rantsuwa, amma babu faɗa a ciki. Kafin in ankara an kawo masu kalangu, an fara rabon waina, wata agwagwa tana rangaɗa guɗa. Yayyafi ya fara tasowa daga ƙasa yana tafiya sama, kowa ya kifar da lemarsa ya shiga ciki ya ci gaba da rawa. Ni ma na taka, ba zan ɓoye ba. Ɗan tsakon yana tafin hannuna yana juya kai yana kallon danginsa, ni kuwa ina jin alfahari kamar ɗana ne ya ci jarrabawa.

Sai da na gaji na tuna cewa dangi ɗari ba suna ɗaya ba ne. Na zauna a gindin rumfar mai shayi, kusa da wata tsohuwar zabuwa da ba ta shiga rawar ba, tana shan shayinta da cokali mai yatsu.

"Baba, ke ba ki ce naku ba ne," na ce.

"Ni ba na saurin cewa," ta ce. "Ka san yadda ake yi mana. A ƙarƙashin kaza aka sa ƙwaina, ita ta kwanta a kaina. Wata biyu ina bin ta ina ce mata inna. Ran da zanena ya fito, duk gidan aka taru ana cewa ashe zabuwa ce, ashe zabuwa ce."

"Ita kazar me ta ce?"

"Ba ta ce komai ba. Gara take tono min a lokacin, ta ci gaba da tononta."

"To wannan fa, a ganinki mene ne?"

"Kwanansa huɗu a duniya, ɗan nan. Shi kansa bai sani ba tukuna."

"Wannan ba amsar da zan kai wa Hajiya ba ce."

"Ba sai ka kai ba," ta ce. "Ga ta can."

Na waiwaya. An ɗora turmi a kan tebur a tsakiyar tasha, Hajiya Ladidi tana zaune a kai da mayafinta na zuwa biki, ashe ita ce shugabar tashar. A gabanta ga sikelin da take auna kaji. Kiɗa ya tsaya. Tsakanin rana da rufin rumfar mai shayi bai fi kamu ɗaya ba, har kwanon rufin ya fara ƙamshin toyi.

Na ruga wurin tsohon mai igiya na miƙa masa goro, na ce, "Baba, don Allah riƙe ta minti biyar." Ya karɓi goron ya gode, ya ce hannunsa ya gaji tun zamanin kakana, ba zai iya alkawari ba.

"Malam," Hajiya ta kira, "wane iri ne? Faɗa a kan sikeli."

Na matsa na sunkuya na ce wa sikelin, "Barahama ne, ɗan asali." Allurar ba ta motsa ba. Rana ta sauko yatsa biyu.

Na gyara murya. "Irin ƙasar waje ne, ba a cika samunsa ba. A jirgi aka kawo kakansa." Allurar ta koma baya, ƙasa da sifiri. Jama'a suka ce kash. Toron agwagwa ya buɗe ƙofar farar bas, ya kakkaɓe kujerar da ta rage da tawul ɗinsa.

Tanimu ya raɗa min a kunne, "Oga, ce haɗi." Na ce haɗi. Allurar ta ɗan girgiza ta koma ta kwanta.

"Saura ɗaya," toron agwagwa ya ce, wannan karon a hankali, ya miƙo fiffike.

Na dubi ɗan tsakon. Ya gaji da biki, ya lafe a tafin hannuna, ya rufe idon nan mai kwalli, ina jin bugun zuciyarsa a yatsana. Sai na ji duk dabarar tasha da na tara a shekara talatin da ɗaya ta ƙare.

Na ce, "Hajiya, ban san irinsa ba. Ban sani ba jiya, ban sani ba yau, babban irin da na ce ma ƙarya ce. Shekara uku tun da na ajiye mota, babu wanda yake jiran fitowata da safe. Da fasinja ne suke jira, yanzu babu. Yara sun watse, kowa yana garinsa. Ke kina da kajinki. Wannan ne kaɗai yake jin tarina ya taho da gudu. Ko buroila ne, ko ɗan ungulu ne, ni ina son sa. Kar a sa shi a motar nan!"

Allurar sikelin ta zagaya sau uku ta tsaya a ƙarshe. Hajiya ta buɗe baki za ta yi magana, sai rana ta taɓa rufin rumfar ta ce cuuu. Toron agwagwa ya ɗaga fiffike ya fara dukan jikin bas, dukan nan da ake yi wa direba in lodi ya cika: bam, bam, bam! Na duba hannuna, babu komai. Na lalubi aljihu, babu komai. Bam, bam, bam!

Na buɗe ido. Rana ta shigo ɗaki, hannuna yana cikin aljihu, aljihun kuwa wayam. Dukan bai tsaya ba, daga tsakar gida yake zuwa. Na fito ba hula ba takalmi.

Hajiya ce a durƙushe da guduma a hannu, ƙusoshi biyu a baki. Ta fasa wani tsohon akwatin katako, ta yanko ragar waya, ta riga ta haɗa gefe uku. Ɗan tsakon yana kusa da ƙafarta, ya shige cikin murfin kwano gaba ɗaya yana cin abinci yana watsar da rabi.

Ta cire ƙusoshin daga baki. "Ka tashi? Zo riƙe min nan."

"Mene ne wannan?"

"Akurki. Ko a aljihunka zai yi ta zama har ya fara cara?"

Na ce a hankali, "Ai ban gano irin ba."

"Na ji. Ni da maƙwabta duk mun ji. Tun da ka dawo daga masallaci kake shari'a da filo." Ta gwada katako a kan katako ba ta dube ni ba. "Mutum ya yi shekara arba'in da ni, ya rasa bakin da zai ce yana son abu sai yana barci. Ungulu kuma, Malam? To in ungulu ce, kai za ka riƙa nemo mata abinci."

Na yi dariya, amma ba ta fita sosai ba.

"Da kake cewa babu mai jiran fitowarka," ta ce, "kokon da yake hucewa a kwano kullum da safe, wa ka ɗauka yake damawa?"

Na durƙusa kusa da ita na riƙe katakon, ta ce in janye babban yatsana, ta ci gaba da buga ƙusa.